Jan Dokin Italiya da Yaran Zangonmu na Malanville

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar La'asar, iyaye maza bakwai suka yi sallama a zauren Maigida, dattijon da nake yi wa magatakarda shekara goma sha huɗu ke nan. Ƙarar wani saurayi suka kawo, wanda ya kama shago a bayan kasuwa, ya jera talabijin uku da na'urar PlayStation, yara suna biyan dala ashirin su yi tseren mota. Buƙatarsu ɗaya ce: a kira shi a ce ya kwashe kayansa. Maigida ya saurare su har suka kai aya, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, kafin mu toshe wa mutum hanyar abincinsa, je ka gano mana da idonka." Na je har sau uku. Abin da na gano ya saɓa wa ra'ayin iyayen, kuma ba na son in faɗe shi a bayan idonsu, shi ya sa na kawo shi nan fili.

Ranar farko na tarar da wani yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba, ya ƙura wa allo ido, yana jan wata jar mota mai faffaɗan fiffike a bayanta. Da ya gama na tambaye shi sunanta. Ya ce, "Baba Malam, ai wannan Ferrari F40 ce." Daga nan ya shiga zuba mini tarihinta kamar mai biya hadda, har da girman injinta da nauyin jikinta. Na koma gida na bincika, na iske bai yi kuskure ko ɗaya ba.

A watan Yuli na 1987 aka fito da motar a Maranello, wani ƙaramin gari a arewacin Italiya, domin cikar kamfanin shekara 40. Ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa albarka da kansa kafin ya mutu a watan Agusta na 1988 yana da shekara 90. Injinta silinda takwas ne, bai cika lita uku ba, amma an ɗora masa turbo biyu, har ƙarfinsa ya kai na doki 478, gudunta kuwa kilomita 324 a awa. Wato da hanya za ta miƙe sak ba rami ba shingen jandarma, da mai ita ya tashi daga nan ya isa Kandi cikin kusan minti ashirin. An yi niyyar ƙera 400, masu kuɗi suka yi ta rububi, aka ƙera sama da 1,300 kafin a daina a 1992. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne talaucin cikinta. Ba rediyo, ba darduma, ba abin da ke sauƙaƙa juya sitiyari, ƙofar ma da wata 'yar waya ake jan ta daga ciki. Kusan duk abin da ba ya ƙara gudu an cire shi. A yau kuɗinta ya haura dala miliyan biyu ta Amurka, sama da biliyan ɗaya na sefa. Ba ta taɓa bin hanyar Parakou ba, kuma da za ta biyo, tudun rage gudu na farko zai kwashe mata haɓa. Amma ga ta a bayan kasuwarmu, cikin Gran Turismo, da kuma cikin Asphalt a wayoyin yara.

Ya kai mai karatu, dubi tambarin da ke goshin motar: baƙin doki ne ya yi tsaye da ƙafafun baya. Asalinsa zanen jikin jirgin wani matuƙin yaƙi ne ɗan Italiya, Francesco Baracca, wanda aka kashe a 1918, mahaifiyarsa ta ba Enzo shawarar ya sa shi a motocinsa. To, Bahaushe ne za a koya wa son doki? Kakanninmu sun yi sukuwa har ƙura ta rufe rana, sun yi wa ingarma kirari, sun sayar da gona sun sayi sirdi. Mu da muka taso ba mu da doki, sai muka ƙera motar kara da ta langalanga, muka yi mata taya da tsohon silifa, muna bin ta da gudu muna kukan inji da baki. Ni kaina na sha bulala a makarantar allo saboda na tsaya kallon wata Fijo 504 da ta taso daga Gaya. Cikin iyayen nan bakwai akwai wanda muka sha bulalar tare. Son gudu a zuciyar ɗa namiji ba mai shagon nan ne ya kawo shi zango ba, kuma ba zai tafi da shi ba ranar da aka kore shi.

Abin da ya juya mini tunani a zuwa na biyu ya faru. Na tambayi yaron ma'anar wannan turbo da yake ta ambata. Ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa: hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya tafi a banza, sai a bi da shi ta kan wata farfela ya juya ta, ita kuma tana haɗe da wata farfelar da ke danna iska cikin inji, iska ta yi yawa, mai ya ƙone da kyau, ƙarfi ya ƙaru. Ya ce shi ya sa F40 take da mugun hali: ka taka totur ta yi kamar ba ta ji ba, sai farfelar ta cika juyi ta fizge ka gaba ɗaya, in kana kan kwana ka sha ƙasa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. Ita ce kuma dabarar da ke cikin manyan kamiyoyin da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano su hauro sama da kilomita 700 zuwa nan. Duk direban titan ya san ranar da turbo ya mutu, ranar baƙin hayaƙi ce da hawan tudu kamar kunkuru. Yaron da ya gane wannan a kan allo, ba wanda ya koya masa, ya riga ya taka matakin farko na sana'ar da garin nan yake ci da ita. Enzo ɗin ma ɗan mai sana'ar ƙarfe ne a Modena, bai yi zurfin karatu ba, kallon tsere ya je a Bologna a 1908 yana ɗan shekara goma, abin ya shiga ransa bai sake fita ba.

Ba na cewa iyayen ba su da gaskiya. Suna da ita a wurare biyu, kuma na biyun ya fi tsoratar da ni fiye da yadda ya tsoratar da su. Na farko, na ga manyan samari suna aza kuɗi a kan wanda zai ci tsere. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma ba ta da mazauni a cikinmu. Na ga kuma yara a shagon a lokacin da ya kamata a ce suna gaban malam ko suna lakwal. Na biyu, wasan yana koya wa yaro wata ƙarya mai daɗi. Na ga yaron nan ya daki katanga da gudun kilomita 250, motar ta wuntsila, ya yi dariya, ya danna maɓalli, ta dawo sabuwa fil. Sau goma ya mutu a gabana cikin rabin awa. Bayan shekara uku ko huɗu wannan yaron zai hau babur ya fara kabu-kabu, da hannun da ya saba cewa kuskure ba ya da farashi. Kwalta ba ta da wannan maɓalli. Ba mu manta da haɗarin Dassa-Zoumè na watan Janairun 2023 ba, inda bas ta yi karo da babbar mota wuta ta tashi, mutum sama da ashirin suka rasu. A unguwarmu ma akwai saurayin da yake jan ƙafa har yau saboda tseren babur da suka yi da dare a hanyar Kandi. Tun watan Maris na 2024 hukuma ta matsa a kan hular kwano, amma hula kai take karewa, ba ta gyara abin da ke cikinsa.

Sai dai a tambaya: in an rufe shagon, ina yaran za su? Tun da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023 aka datse gadar da ta haɗa mu da Gaya, kowa ya san abin da ya sami garin nan. Kasuwar da ake cewa ba ta biyu a ƙasar in ka cire Dantokpa ta yi sanyi. 'Yan dako, da 'yan kamasho, da masu tura mota, da yaran gareji da ke samun na kashewa a jikin kamiyoyi, da yawa sun koma zaman kashe wando, wasu sun koma bakin Kwara suna jiran fasinjan kwale-kwale. Yaron da ba ya shagon wasa ba lalle ne yana masallaci ba. Yana iya kasancewa a bakin ruwa, inda ake sayar da ƙwaya a ɓoye, inda ba babban da zai leƙa. Shagon aƙalla yana da ƙofa ɗaya, da mai shi da muka san gidan ubansa. Wasan kuma yana cikin waya. Ka rufe shago, ka mayar da shi ƙarƙashin bargo.

Akwai masu cewa a bar yara, wataƙila wani ya zama direban tsere. Suna kafa hujja da Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya da ya ci gasar Gran Turismo a 2011 ya zama direban gaske, har aka yi fim a kansa. Wannan ni ban saye shi ba. Mutum ɗaya ne cikin dubun dubata, a ƙasar da ke da filayen tsere da kamfanonin da ke zuba kuɗi. Kada mu cire wa yaro ƙarya ɗaya mu sa masa wata. Abin da ke gabanmu gareji ne, da injin ban ruwa na masu shinkafa a fadama, da injin kwale-kwale, da janareto, duk suna neman hannun da ya san abin da yake taɓawa.

Ga abin da zan karanta a gaban Maigida ranar Juma'a, na riga na rubuta shi a takarda. A bar shagon, bisa sharaɗi: ba ya buɗewa sai bayan an tashi makaranta, yana rufewa da kiran Magariba, kuma ranar da aka kama ana aza kuɗi, ranar ce ta ƙarshe. Sannan duk yaron da ya haura shekara goma sha biyu da ke son zama a can, sai ubansa ya haɗa shi da wani maigidan gareji kwana biyu a mako. Na yi magana da kanikawa biyu, sun yarda, ɗaya ma ya ce zai ajiye mataccen turbo na kamiyo domin yara su kwance su ɗaure. Shi wancan saurayin mai jan ƙafa na roƙe shi ya riƙa zuwa shagon yana zama da su, ba don ya yi wa'azi ba, don su riƙa ganinsa. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa.

Biyu daga cikin iyayen sun riga sun aiko mini cewa ba su yarda ba, ɗaya har ya ce mai shagon ya saye ni. Zan ba su amsa a zaure, gaban Maigida. Yaron kuwa, da na gaya masa zancen mataccen turbon, tambaya ɗaya ya yi mini: ko za a bar shi ya zo da ƙaninsa.