Ta Zaure Ake Shiga Gida, Har A Cikin Manhaja

A kasuwar Dembé ta birnin N'Djamena, Bahaushen da ya ce kayansa dala ashirin ne, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Mai Larabcin Chadi ma haka yake ƙidaya, sai dai shi riyal yake cewa. Takardar banki kuwa sefa take rubutawa. Duk mai rubuta wa ɗan kasuwar garin nan manhajar lissafi, tilas ya kiyaye wannan bambanci.

A salon rubutun manhaja da ke kasa aiki zuwa abubuwa, kowane abu, kamar asusun abokin ciniki, yana da taskar bayanansa. Ana isa gare ta ta hanya biyu: ko a sa hannu ciki kai tsaye, ko a bi ta wani ɗan umarni da aka tanada don karantawa da rubutawa, wanda za mu kira ƙofa. A ganina, duk sashen manhaja da ke wajen abin, wajibi ne ya bi ta ƙofa.

A ce taskar sefa take riƙewa, amma sassa goma suna taɓa ta kai tsaye. Ranar da ɗayansu ya zuba 200 da nufin dala, bashin sefa 1,000 ya koma 200, kuma gano inda ɓarnar ta shigo sai an sha wuya. In akwai ƙofa, wuri ɗaya ake juya dala zuwa sefa, nan ne kuma ake ƙin adadin da bai dace ba. Ko an sauya ma'aunin taskar daga baya, gyaran bai wuce ƙofar ba. Tun 1972 David Parnas ya bayar da shawarar kowane sashe ya ɓoye abin da ka iya sauyawa a cikinsa.

Masu suka na cewa ƙofa tana tsawaita rubutu, tana kuma rage sauri. A harshen Java rubutun kan yi tsawo lalle, amma Python yana ba da damar saya ƙofar a bayan suna guda. Jinkirin kuwa bai kai a lura da shi a lissafin kanti ba.

Togaciya ɗaya ce. Lokacin da ake gina abin, kamfanin Apple yana shawartar masu Objective-C su taɓa taskar kai tsaye, domin ƙofa tana iya kiran ɓangaren da ba a gama ginawa ba. Mai gida ba ya neman iso a ɗakinsa, amma baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama.