KAJINMU DA LAFIYAR 'YA'YANMU

Daga Magatakardan Reshen Ƙofar Kwaya, Katsina

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, da ku 'yan kasuwa, yau maganar kaza za mu yi. Kada wani ya ce abin ya yi ƙanƙanta da shiga jarida. Duk wanda ya zaga lungunan Ƙofar Kwaya da asuba ya san da wuya ya wuce gida uku bai ji carar zakara ba. Kaza ita ce asusun matar talaka. In yaro ya kwanta ciwo ita za a kama a kai kasuwa, in baƙo ya sauka ita za a yanka, in Salla ta matso ita ce kuɗin ɗinki. Saboda haka ba mu zo mu ce wa kowa ya bar kiwo ba. Abin da muke cewa shi ne, kazar da muke kiwo don ta rufa mana asiri, kada mu bari ta zama mai kai 'ya'yanmu asibiti.

Ga yadda abin yake. A cikin hanjin kaza akwai waɗansu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani sai da madubin likita. Biyu daga cikinsu likitoci suna kiransu salmonela da kamfilobakta. Kaza tana iya ɗauke da su alhali kuwa lafiyarta lau, tana kiwonta, tana saka ƙwai. Suna fita cikin kashinta, su manne a gashinta da ƙafafunta da ɓawon ƙwai da kaskon ruwanta. In suka shiga cikin mutum, wani lokaci a ranar, wani lokaci sai bayan kwana biyu zuwa shida, sai ga zawo da zazzaɓi da murɗar ciki, har da jini wani sa'i. Babba yakan murmure cikin mako guda. Jariri kuwa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, kuma nan haɗarin yake.

To, wa ya fi kowa kusa da ƙasa a gida? Mai rarrafe. Uwa tana daka, ta ajiye shi a tsakar gida, kaji sun kwana suna kashi a wurin, duk abin da hannunsa ya tsinta kuwa baki za shi. A shekarar 2013 an buga wani bincike da aka yi a ƙauyukan Zimbabwe, inda masu binciken suka zauna suna kallon jarirai, suka gan su da idonsu suna cin ƙasa har da kashin kaza. Tsakar gidanmu da tasu duk ɗaya ne. In yaro ya kama zawo sai mu ce ai haƙori ne. Amma fa mu lura, lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe da kai komai baki. Haƙori ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 a duniya kowace shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Haɗari na biyu shi ne murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji cikin Jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga nau'inta na H5N1 a duk Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magariya cikin ƙasar Nijar, domin cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka. A watan Janairu na 2007 ta kashe wata matashiya mai shekara 22 a Ikko. A 2008 ta sake ɓulla a jiharmu ta Katsina da Kano, ta kuma dawo ƙasar nan a 2015 da 2021. Ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta kama ba ta da daɗi, kuma mafi yawan waɗanda ta kama a duniya masu taɓa tsuntsu marar lafiya ne, watau masu yanka da figa da fid da kayan ciki.

A nan ne al'adarmu take cutarmu. Da an ga kaza ta yi laushi tana gyangyaɗi, sai a ce maza a kawo wuƙa kada ta yi mushe. In kuwa uku suka mutu a dare ɗaya, sai a kwashe sauran a kai kasuwa a karya musu kuɗi. Mai saye yana murna ya sami araha, ya kai gida ya zuba cikin nasa, mako bai zagayo ba akurki ya zama kango. Wanda ya sayar talaka ne, wanda ya saya ma talaka ne. Ashe kanmu muke cuta.

Abin da ke hannunmu ba ya bukatar sa hannun kowane mai mulki. Kaji su kwana a akurki, ba a ɗakin da mutane ke kwana ba, ba kuma a madafa ba. A share tsakar gida da safe kafin a sauke yaro, a shimfiɗa masa tabarma, a tara kashin a gefe ya zama taki. Duk wanda ya taɓa kaza ko ƙwai ko kasko ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci ko ya ɗauki jariri, in babu sabulu toka ta fi babu. Wuƙa da kwanon da aka gyara kaza da su kada a yanka albasa ko tumatir da su sai an wanke. Nama ya dahu har ƙashi, ƙwai ya dahu har gwaiduwa ta daskare. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a sa leda a hannu a ɗauke ta, a tona rami mai zurfi a binne, kada a jefa ta a juji ko rariya inda yara ke wasa. In kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi, a kira malamin dabbobi, kada a yanka. Yaro mai zawo a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, in an ga jini ko ya galabaita a garzaya asibiti.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu sayar da kaji da masu figa, ku ne kuka fi kowa shiga haɗarin nan, da yake yini kuke hannu cikin jini da gashi. Ku ware rigar aiki da takalmin aiki, kada ku shiga da su cikin iyali. Ku ƙi sayen kaza mai gyangyaɗi ko da kyauta ce.

Sauran maganar ta mahukunta ce. Kakanninmu sun ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, mai leƙa randa ya kai mutum gaban alƙali a ci shi tara. Ba irin wannan tsabta muke nema ba. Ba a cewa mutum ya wanke hannu sau goma alhali ruwansa na jarka ne daga hannun 'yan garuwa. Muna neman ruwan famfo a unguwa, da wurin yanka da figa mai daɓen siminti da magudana a kasuwa, nesa da masu sayar da abinci. Muna neman malaman dabbobi su riƙa shiga lungu, ba manyan gonaki kaɗai ba. Muna kuma neman diyya ta gaskiya. A 2006 naira 250 aka fara yanka wa kowace kaza da hukuma ta kashe, kuɗin da masu kiwo suka ce bai kai na kasuwa ba. In mai faɗin gaskiya asara zai yi, to ɓoyewa za a yi, cuta kuwa ta yi ta yawo. Matar da ke da kaji bakwai ta cancanci diyya kamar mai dubu bakwai.

Za mu ci gaba da neman wannan haƙƙi ba fasawa. Amma kafin ya zo, tsintsiya da sabulu suna hannunmu. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, to sabo da ita ma ba ya hana ta sa mana cuta. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyalinsa da maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.