Giyar hunturu da ɗumin aro

A watan Disamba, lokacin da rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, masana'antun Ingila da Beljiyam kan fitar da wata giya mai duhu domin Kirsimeti. Duhunta daga gasasshen tsiron sha'ir yake, wasu kuma kan ƙara mata kirfa ko kanumfari. Ta fi giyar yau da kullum ƙarfi. Al'adar daɗaɗɗiya ce a Turai: tsohuwar dokar Gulating ta ƙasar Norwe har wajabta wa manoma dafa giyar wannan biki ta yi.

Turawan Ingila suna yi mata kirari da mai ɗumama jiki, kuma a nan gizo ke saƙa. Barasa buɗe jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata take yi. Jini mai ɗumi ya taso sama, fuska da hannuwa su ɗau zafi, alhali zafin cikin jiki yana tsiyayewa. Tana kuma rage makyarkyata, wadda da ita jiki ke samar wa kansa zafi, sannan ta dushe hankalin da zai ce a nemi mafaka. Shi ya sa mashayin da barci ya kwashe a bakin titi cikin daren ƙanƙara yana iya rasa ransa ba tare da ya ji sanyin ba.

Ainihin ɗumin waɗannan darare yana ga murhu da abinci da hirar dangi. Na cikin kofi aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.