Tukunyar Manomi Ba Ta Mai Zaman Benci Ba Ce

Akwai wani girki da ya yi farin jini a wayoyin matanmu, wanda ake danganta shi ga mutanen Amish na Amurka. Ana yanka dankalin Turawa fale-fale a jera a faranti mai zurfi, a shimfiɗa soyayyen niƙaƙƙen naman shanu da albasa a kai, a kwarara miyar gwangwani mai kauri da madara, a lulluɓe da cuku, sannan a gasa. Ga wanda ya tashi a Indabo wannan ba baƙon abu ba ne, ɗan'uwan faten dankali da nama ne. Ba ni da faɗa da dankali, ba ni da faɗa da nama. Faɗana da wata aƙida ce da ta zauna daram a gidajenmu, wai maiƙo shi ne ma'aunin ƙauna, wai matar da ba ta sa mai ya taso a saman tukunya ba ta girmama mijinta ba.

Mu fara da masu girkin. Amish manoma ne da suka fi yawa a jihohin Fensilbaniya da Ohayo da Indiyana. Da yawansu har yau da dawaki suke huɗa, a keken doki suke tafiya. A wani bincike da aka wallafa a 2004 kan wata al'ummarsu da ke Ontariyo ta ƙasar Kanada, an samu mazansu na yin taku kusan 18,000 a rana, matansu kuma kusan 14,000. Mai irin wannan zirga-zirga zai cinye farantin nama da cuku, jikinsa ya ƙone shi kafin rana ta faɗi. Mu kuwa mun ɗauko tukunyar mun baro garmar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya wuni a bencin shago, ya hau babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar masallaci, da wane aiki zai biya bashin wannan faranti?

Ina da kawu da aka tabbatar masa da hawan jini shekaru huɗu da suka wuce. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, iyalinsa suka yanke hukunci: ba shi ba nama, ba shi ba dankali. Aka bar shi da tuwon alkama da miya, amma miyar nan dunƙule biyar ake jefa mata, ga gishiri, ga ludayin mai. Ya rame, ya tsani kwanonsa, awon jininsa bai sauka ba. Ƙarshenta ya koma sayen tsire a ɓoye da daddare. An kori wanda ba shi da laifi, an bar ɓarawo a ɗaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da yajin tsire da taliyar leda. Dunƙulen ɗanɗano kuwa, babban kaso na nauyinsa gishiri ne. Idan uwargida ta murmushe shida a fate, ta ƙara gishiri da hannu, ta kuma bi salon waya ta zuba miyar gwangwani da cuku, waɗanda su ma gishiri ne ya cika su, to ta tara wa maigida rabon wuni a kwano guda. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta yi ta bugawa da ƙarfi shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. A ranar ne za a ce iska ce ta buge shi.

Na san abin da za a ce mini: kakanninmu sun sha man shanu kuma sun yi tsawon rai. Gaskiya ne sun sha. Amma da ƙafa suke zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, da hauya suke nome gonakinsu, nama kuma sai ranar kasuwa ko salla ko suna. Daddawa ce ɗanɗanon miyarsu. Wasu kuma za su ce wannan maganar masu hali ce, talaka ina ya ga naman da zai cutar da shi? Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai gishiri da dunƙule ba su da tsada, kuma tukunyar da nama ya yi ƙaranci ita aka fi ɗura wa su don a rufe giɓi. Don haka hawan jini bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba.

To yaya za a dafa? Ga gida mai mutum shida, rabin kilo na jan nama marar kitse ya isa. A ce wa mahauci ya cire kitsen kafin a niƙa, domin idan an niƙa tare babu mai iya raba su. Niƙa tana shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayan nama cikinsa, saboda haka a dafa shi a ranar, har sai babu sauran ja a tsakiya. A soya shi da albasa da tafarnuwa da citta a cokali uku na mai, a tsiyaye kitsen da ya fito. Dankalin da ke zuwa mana daga Bokkos da Mangu a Jihar Filato, a zaɓi lafiyayye. Wanda ya yi kore ko ya yi tsiro yana ɗauke da guba, a yanke wurin sosai, in ya yi yawa a zubar. A dafa shi cikin tumatir da attaruhu da daddawa, kada a fara soya shi. Dunƙule ɗaya ya wadatar, kuma in an sa shi a bar gishiri. Daga ƙarshe a cika tukunyar da alayyafo ko zogale ko kabeji, har ganye ya kusa rinjayar dankali.

Mai ciwon sukari zai iya ci, amma dankalin kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na farantinsa, rabi ya zama ganye, kuma kada a haɗa masa da burodi ko lemon kwalba. Mai ciwon ƙoda shi ne ke buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin dankali da tumatir da ganye suna da sinadarin fotasiyam mai yawa, wanda ƙodar da ta raunana ba ta iya fitarwa. Shi kam kada a sa masa sai an tambayi likitansa.

Abu na ƙarshe, kada a ware marar lafiya da tukunyarsa shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo. A gyara tukunyar gida gaba ɗaya. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, kuma yaran da ke cin kwano ɗaya da mahaifinsu a yau su ne masu gadon jininsa gobe. Kawuna ya dawo cin fate da nama tare da iyalinsa, yana shan maganinsa, yana taka ƙafa zuwa gona da safe. Uwargida, in kina son maigida ya daɗe a kan tabarmarsa, rage hannu a gwangwanin mai da ledar dunƙule, ki ƙara a kwandon ganye.