Laftof Ɗin Marubuci: Mu Daina Jiran Ta Sauko, Mu Daina Sayen Suna



A tsakiyar 2023 mu shida cikin 'yan ƙungiyarmu ta marubuta da ke nan Miga muka kafa adashe. Niyyar guda ce, duk wanda ya kwasa ya sayi laftof. Muka tura aka tambayo mana farashin ta hannu mai kyau a Dutse, muka raba kuɗin gida shida, muka ce kwasa duk bayan wata biyu. Na farko ya kwasa ya saya, har da canjin jaka. Ta biyu ta kwasa, ita ma ta saya, za mu dawo kan tata. Na uku sai da ya yi ciko. Na huɗu ya kwasa a watan Fabrairun 2024, ya shiga mota ta Jahun ya tafi, ya dawo da kuɗinsa a aljihu, don abin da ya riƙe bai kai ko kusa da inda farashi ya koma ba. Ya ce mana zai ɗan jira ta sauko.

Har yau da muke wannan rubutu bai saya ba. Kuɗin ma ba su jira shi ba. Taki ya ci wasu, asibiti ya ci wasu, ragowar suka bi hidimar Sallah. Littafinsa na nan a litattafan makaranta guda uku masu shafi tamanin-tamanin, kuma a cikinmu babu wanda ya kai shi iya tsara zance.

Ba laifinsa ba ne, kowa ya san abin da ya faru. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur. Dalar da ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, wadda da ita 'yan kasuwar kwamfuta ke lissafi, ta haura 1,500 a watan da ɗan uwan namu ya kwasa. Ba a ƙera laftof a Dutse, ba a ƙera ta a Kano, ko Computer Village ta Ikeja shigo da ita ake yi. Abin da aka sayo da dala kuwa dole ya bi dala.

To dala ta ɗan lafa a 2025, har muka fara cewa ga sauƙi nan tafe. Sai wata ta ɓullo daga inda ba mu zata ba. Akwai wani sashe a cikin kowace kwamfuta da ake kira RAM, shi ne kamar faifan da take baza aikin da take kai a lokacin. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawansa a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka zo da kuɗi suna kwashe abin da ake ƙerawa don cibiyoyinsu, farashi ya yi sama tun ƙarshen 2025. A watan Disamban shekarar ma Micron ya sanar zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu suna Crucial, ya koma wajen manyan masu saye. In sabuwa ta yi tsada a can, wanda da zai sayi sabuwa sai ya koma kan ta hannu, ta hannun da ake kawo mana ita ma ta ɗaga. Wato manhajar da wasunmu ke tambaya ta gyara masu jimla, ita ce kuma ke ƙara wa laftof ɗin da muke hari kuɗi. Duniya kenan.

Don haka ra'ayinmu na farko: wanda kuɗinsa suka kai na wata da za ta yi masa aiki, ya saya yanzu. Jiran ta sauko jiran gawon shanu ne. Ko da ta sauko nan gaba, kuɗi a hannun ɗan Miga mai iyaye da ƙanne ba sa zama su jira wata shida.

Amma wacce za a saya? Nan ne muka fi yin asara, kuma nan za mu daɗe.

Ta biyu a adashen namu ta tafi birni ita da yayanta. Mai shago ya ɗauko wata mai sheƙi, ya nuna mata tambarin da ke jiki, ya ce, "Hajiya, Core i7 ce fa, ba irin ta yara ba." Suka biya, suka dawo da murna, mu ma muka taya ta. Sai da aka kwana biyu muka gane i7 ɗin ta zuriya ta biyu ce, ƙirar 2011, batirinta kuma ba ya wuce minti ashirin in an zare waya. A garin da wuta kan yi kwanaki ba a gan ta ba, wannan ba laftof ba ce, faranti ne mai tsada. Sai ta kai ta shagon caji, ta biya, ta dawo gida ta buɗe, kafin ta gama gyara shafi biyu ta mutu. Yanzu tana ƙarƙashin gado cikin zani, ita kuwa ta koma rubutu da babban yatsa a waya.

Suna muka saya. Mun ji ana cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi kenan muka haddace. Alhali lambar da ke bin sunan ita ce magana. In ka ga i7-2620M, wannan 2 ɗin na farko shi ne zuriyarta. In ka ga i5-8250U, zuriya ta takwas ce, wadda ta fara fitowa a 2017, kuma ta fi waccan i7 ɗin gudu, ta fi ta tattalin batir nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani dalilin duba wannan lamba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya dakatar da kula da Windows 10, Windows 11 kuwa a hukumance daga zuriya ta takwas zuwa sama yake karɓa, in ban da 'yan kaɗan. Ma'aikatun Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin da ba su cancanta ba, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Ba mu ce haramun ne a sayi zuriya ta shida ko ta bakwai ba. Za ta yi rubutu sarai, ba za ta mutu don an daina kula da Windows ɗinta ba, ana ma iya sa mata Linux Mint kyauta. Abin da muke cewa, a saye ta a kan kuɗin tsohuwa, da sanin cewa tsohuwa ce.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me marubuci ke yi da laftof? Bugawa, gyarawa, adanawa, turawa. Littafi mai kalma dubu ɗari, in zallar rubutu ne, bai cika megabayit ɗaya ba. Hoto guda da muka ɗauka a wajen biki ya fi shi nauyi. Ba fim muke tacewa ba, ba gini muke zanawa ba. RAM mai 8GB ya ishe mu har da ragi, mai 4GB ma zai buɗe Word ko LibreOffice, wanda shi kyauta ne. In dai ma'adanarta SSD ce, ko 128GB ce ta wadatar, kuma ta fi tsohon faifai mai juyawa mai 500GB, wanda faɗuwa ɗaya daga kan benci ke iya tafiya da aikin shekara. Duk abin da aka ƙara a kan wannan, kuɗin wani aikin ne muke biya, ba namu ba.

Abu biyu ne namu: madannai da batir. Madannai don a kansu yatsunmu za su kwana. Shi ya sa muka fi karkata ga waɗanda aka yi don ofis, irin su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP. Ba su da kyan gani, wasu ma baƙaƙe ne wuluk kamar allon makaranta, amma an yi su don a wahalar da su, kuma batirinsu da cajarsu da allonsu ba sa wuyar samu a titin Beirut ko Farm Centre a Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi kuɗin mota kafin ya ga mai gyara.

Batir kuwa kada a yarda da baki. Kowane mai shago zai ce tana yin awa huɗu. A ce masa, "Malam, a ba ni minti goma da ita." A buɗe Command Prompt, a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe takardar da ta fitar. Za a ga lamba biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da ya rage masa yanzu. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, to a cire kuɗin sabon batir daga ciniki, ko a tashi. Sannan a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, a sa farin shafi a duba allo ko da tabo, a kashe ta a kunna a ga ko akwai kalmar sirri da aka kulle ta da ita tun daga tushe. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya fara cewa sauri yake yi, shi ma ya ba ka amsa. A karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar, a kuma yi magana a kan kwana nawa za a iya dawo da ita. In an samu mai caji ta USB-C, wannan garaɓasa ce a wajenmu, don babban fawa-bank mai ƙarfi na iya ciyar da ita, ba sai an jira wuta ba.

Wata za ta ce, mu da muke rubuta littafi sukutum a waya muna sakewa a WhatsApp da Wattpad, ina ruwanmu da wannan dogon lissafi? Gaskiyarta, kuma ba mu raina ba. Magabatanmu na adabin kasuwar Kano da biro da littafin makaranta suka fara, su kai a buga masu a keken rubutu. Abubakar Imam bai ga kwamfuta ba ya rubuta Magana Jari Ce. Rashin laftof bai taɓa hana mai labari ba da labari ba, kuma wanda ya ce sai ya saya zai fara, ko ya saya ba zai fara ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, waya ta iya zuba labari, ba ta iya gyara shi ba. A allon da bai wuce tafin hannu ba, ba ka ganin cewa jarumar da ka ce marainiya ce a babi na uku ta je gaida mahaifinta a babi na ashirin. Ba ka iya ɗaga shafi goma ka mayar da su gaba cikin sauƙi. Yawancin abin da ake zargin rubutunmu na intanet da shi, maimaici, da rashin sakin layi, da labarin da ya kai shafi ɗari bai san inda ya dosa ba, ba duka ne rashin baiwa ba. Wani rashin wurin da za a baza aikin ne a dube shi gaba ɗaya. Wadda za ta shiga Hikayata ta BBC Hausa, da ƙa'idar adadin kalmominta, ta san bambancin tura abin da aka zuba da tura abin da aka tace.

Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba kuwa, abu ɗaya muke roƙo: kada a ci bashin manhajojin ba da rance saboda laftof. Rubutun Hausa bai fara biyan yawancinmu abin da zai rufe ruwan bashi ba, kuma mun ga yadda ake tozarta mutum a wayoyin danginsa. Akwai tsani a tsakiya. Madannai na kwamfuta na hannu, da 'yar wayar OTG, a jona a waya, a jingina ta da kofi a kan tabarma. Ba laftof ba ce, amma yatsu goma ne maimakon biyu, kuɗinta kuma bai kai na takalmin Sallah ba. Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, ba mu da uzurin rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa. Wanda ya samu laftof ma haka: a Word a rubuta 0199 a danna Alt da X, ƙ zai fito, 0257 ya ba da ɗ, 0253 ya ba da ɓ. Windows ma yana da madannan Hausa a saitin harshe.

Kuma kowace ce aka saya, kada a ba ta amana duka. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a wannan yanki mun san abin da ruwa ke yi wa ɗaki cikin dare ɗaya. Duk babin da aka gama a tura wa kai ta imel, ko a ɗora a Google Drive, 15GB ɗin farko kyauta ne.

Mu dai adashen ya koya mana. Na biyar da na shida ba su kwasa daban-daban ba. Suka haɗa nasu, muka ɗan yi ciko, aka sayo ThinkPad guda ɗaya mai tabo a murfi, aka sa mata sabon batir. Tana kwana uku a hannun kowa, kowa da jakarsa a ciki da filashinsa a aljihu. Ana samun saɓani, ba za mu ɓoye ba: wani ya riƙe ta kwana biyar, wata ta dawo da ita babu caji, an taɓa kwana biyu ba a gaisa ba a kan wannan. Amma a kanta aka buga littafin makaranta na farko cikin ukun nan na ɗan uwanmu, saura biyu. Ranar Laraba ce ranarsa, kuma ya riga ya aiko a tuna wa mai riƙe da ita.