Laifin Me Ginin Ƙasa Ya Yi Mana?

Na yi digiri a fannin gini, amma darasin da ya fi zauna mini a rai a ɗakin kakata na same shi. Soro ne mai rufin azara. A tsakiyar bazara tana barcinta a ciki, mu kuwa masu bulo da kwano muna kwance a tsakar gida, muna jiran wutar da ba ta zuwa.

Duk da haka an cusa mana cewa ginin ƙasa tambarin talauci ne. Wa ya yanke wannan hukunci? Ba a samun siminti sai an ƙona dutse a zafin da ya haura digiri 1,400, kuma masana'antarsa na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Tubali kuwa rana ce ke busar da shi, kyauta.

Za a ce damina na rushe gidajen ƙasa. Haka ne, na ga wasu sun zube. Amma a duba harsashinsu, a duba indararo, a tambayi yaushe rabon da a yi musu yaɓe. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye tun ƙarni na 19 saboda ana kula da ita. Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso da tubalin ƙasa, a 2022 kuma ya karɓi kyautar Pritzker.

Mu kuwa tsofaffin maginanmu suna ƙarewa, mun fita jami'a ba wanda ya zaunar da mu gabansu mu koyi haɗa makuba.