Dajin Dindir na kusa da mu, amma 'ya'yanmu ba su san bauna ba



Kwanan baya a zauren dattijonmu muka tambayi wasu samari ma'anar kirarin nan, gwanki sha bara. Babu wanda ya san mene ne gwanki. Muka ambaci bauna da gwambaza da kwanta-rafi da mugun dawa, suka yi shiru. Alhali dukan waɗannan dabbobi suna nan a dajin Dindir, cikin jiharmu ta Sinnar, tafiyar yini guda a mota daga Makwar idan rani ya yi.

An keɓe wannan daji a 1935, shekara goma bayan gama madatsar ruwa ta Makwar a 1925. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu goma, a gefe biyu na kogin Dindir zuwa kogin Rahad, har iyakar Habasha. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. Rayuwarsa ta rataya ne ga fadamun da ake kira maya, waɗanda ke riƙe ruwan damina bayan kogi ya ƙafe ya zama rairayi. Nan bauna ke sha, nan zaki ke kwanton ɓauna, nan jimina da zabin daji ke kiwo. Da damina laka takan rufe hanya, saboda haka masu ziyara kan je sansanin Galagu ne daga wajen Disamba zuwa Afrilu.

Sai dai dajin yana ramewa. Raƙumin dawa ya ƙare a cikinsa tun shekarun 1980. Manyan gonakin tarakta da suka yaɗu a Gadarif da Sinnar sun cinye makiyaya, sai masu shanu suka tura garkensu cikin maya. Ga masu gawayi, ga masu ɗibar zuma da wuta, ga mafarauta. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kai garin Dindir a 2024, ya ƙara dagula al'amari.

Wani zai ce: mutane na neman abin sawa a baka, ku kuna zancen namun daji? Ba mu raina wannan magana ba. Manomin da ke bakin Rahad da makiyayin da aka toshe masa burtali suna da hakki, kuma tsaron da ya mai da su abokan gaba ba zai ɗore ba. Amma maya idan yashi ya cike ta, ta mutu ga bauna, ta mutu ga saniya, kifin da masuntanmu ke nema ma ya tafi. Keɓe fili kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Indiya ma da ta ga damisarta mai zane-zane na ƙarewa, ta kafa shirin kare ta a 1973 da dazuzzuka tara, yau yawanta ya haura dubu uku.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu mu kaɗai. Kakanninmu sun sauka Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, kafin a shata dajin nan. An ce giwa a garin wani zomo ce, amma wanda ya shekara ɗari da ashirin a wuri ba baƙo ba ne, kuma ɗan ƙasa shi ke kishin dukiyarta. Idan ba a ga fuskarmu cikin masu kare Dindir ba, za a riƙa ambaton mu ne kawai ranar da aka kama wani da taru ko buhun gawayi.

Shawararmu uku ce. Malaman allo da iyaye su koya wa yara sunayen dabbobin nan da Hausa da Larabci. Masunta da 'yan kasuwarmu su guji naman daji da gawayin da aka san daga ina ya fito. Sannan idan hanya ta yi lafiya, kowace unguwa ta haɗa kuɗin lori guda, a nemi izinin hukumar kula da namun daji, a kai yara Galagu, domin gani ya kori ji.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya nuna mana ranar. Amin.